Dokar da ta buɗe akwatin tsofaffin waƙoƙin Amurka

A shekarar 1890 akwai wani baƙar fata, George W. Johnson, da ke neman na sakawa a bakin salati da fito da waƙa a tashoshin jirgin ruwa na birnin New York. A jihar Virginia aka haife shi, a 1846, lokacin ana cikin zamanin bauta. Masu sabuwar sana'ar naɗar murya suka ji shi, suka kira shi. A lokacin, abin da ake naɗa a kai silinda ce ta kaki, siffarta kamar gwangwanin madara, allura na zana sauti a jikinta. Babu wata hanya ta kirki ta kwafe ɗaya zuwa dubu. Sai a jera masa injuna 'yan kaɗan, ya tsaya gaban bututunsu ya rera, a cire silindar a sa wata, ya sake daga farko, haka har yamma. Waƙarsa "The Laughing Song", wadda amshinta dariya ce zalla, tana cikin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka a shekarun 1890. Ka duba mutum ya wuni yana ƙyaƙyata dariya iri ɗaya don ya ci abinci. Ya rasu a 1914, aka binne shi a unguwar Queens ta birnin New York babu ko alama a kabarinsa, sai a 2014 aka kafa masa dutse.

Ga abin da zai ba ka mamaki: har zuwa ƙarshen 2021, muryar wannan bawan Allah tana kulle a hannun doka. Kuma da ba a yi gyara ba, da tana nan a kulle har 2067, shekara 177 bayan naɗarta.

Don a gane yadda aka yi haka, sai an raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Kowace waƙa da ke kan faifai tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai na baitoci da kari, wato na wanda ya tsara waƙar. Akwai kuma na ita kanta muryar da aka naɗa a wata rana, a wani ɗaki, da wasu makaɗa. Na farkon, dokar tarayyar Amurka ta daɗe tana kare shi, kuma ta sa masa wa'adi. Na biyun kuwa ba ta kula shi ba sam, sai daga ranar 15 ga Fabrairun 1972. Duk abin da aka naɗa kafin wannan rana an bar wa jihohi, kowace da tata doka, wasu ma ba rubutacciya ba ce, hukuncin alƙalai ne aka gada. Yawancin waɗannan dokoki ba su da ranar ƙarewa. Majalisar tarayya ta ce a bar su su yi ta aiki har 2047, daga baya a 1998 ta ƙara zuwa 2067.

Wannan ba barazanar baki ba ce. A 2005 babbar kotun jihar New York ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Capitol da kamfanin Naxos, a kan wasu faya-fayen da aka naɗa a Ingila a shekarun 1930. A can Ingila wa'adinsu ya riga ya cika, sun zama na kowa. Kotun ta ce a New York kam suna da mai su har yanzu.

Wa hakan ya fi cutarwa? Ba manyan taurari ba, domin su kullum kamfani na sake fitar da waƙoƙinsu tunda akwai riba. Waɗanda aka manta da su ne suka sha wuya. Kamfanin da ya gaji haƙƙin bai ga kuɗi a cikin muryar wata mata da ta yi faifai biyu a 1921 ba, saboda haka ba zai fitar ba. Ɗakin karatun da ke da faifan a ajiye kuma yana tsoron sa shi a intanet kada a maka shi a kotu. Wani lokaci ma ba a san mai haƙƙin ba, kamfani ya mutu, wani ya saya, shi ma ya mutu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: mawaƙin an biya shi ladan rana ɗaya tun tuni, amma da sunan kare haƙƙi ake hana jama'a jin muryarsa. Masanin tarihin faya-faye Tim Brooks ya yi wa Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka bincike a 2005, ya gano cewa cikin faya-fayen tarihi na 1890 zuwa 1964 da ya duba, kashi 14 cikin ɗari kacal masu haƙƙin suka sake fitarwa.

Gyaran ya zo ta ƙofar da ba a zata ba. Rigimar kuɗi ce ta kawo shi. A 2013 mawaƙa biyu na ƙungiyar The Turtles, wadda ta yi tashe a shekarun 1960, suka kai ƙarar gidan rediyon tauraron ɗan Adam na Sirius XM, saboda yana sa waƙoƙinsu ba ya biya, da hujjar cewa dokar tarayya ba ta san da faya-fayen kafin 1972 ba. Shari'o'i suka yi ta tafiya jiha-jiha, kowace kotu da nata ra'ayi. Daga ƙarshe majalisa ta shiga. Ranar 11 ga Oktoban 2018 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ake kira Music Modernization Act, wato dokar zamanantar da harkar waƙa. Kashi na biyu na dokar shi ne ya shafi tsofaffin faya-faye.

Abu na farko da ta yi, ta ɗauke su daga hannun jihohi ta mai da su ƙarƙashin tsari ɗaya na tarayya. Na biyu, ta ce rediyon intanet da na tauraron ɗan Adam dole su biya idan sun sa su, kuɗin ya bi ta wata hukuma mai suna SoundExchange, rabi ga mai haƙƙin faifai, rabi ga mawaƙa da makaɗa. Rediyon AM da FM dai har yanzu ba sa biyan mai murya a Amurka, marubucin waƙa kawai suke biya.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma da farko babu shi a daftarin. Daftarin farko ya so a bar komai a kulle har 2067. Masu ɗakunan karatu da masu adana tarihi suka yi ca, Sanata Ron Wyden na jihar Oregon ya kawo nasa daftari, aka zauna aka daidaita a kan jadawali. Duk faifan da ya fito kafin 1923 ya zama na kowa ranar 1 ga Janairun 2022. Na 1923 zuwa 1946, shekara 100 daga fitowarsa. Na 1947 zuwa 1956, shekara 110. Daga 1957 zuwa farkon 1972 kuwa, sai 15 ga Fabrairun 2067. Idan ka lissafa za ka ga wani giɓi: na 1946 zai buɗe a 2047, na 1947 kuma sai 2058. A ganina shekara ɗari ta yi yawa ƙwarai, balle ɗari da goma. Amma wa'adi mai tsawo ya fi rashin wa'adi.

Ranar farko ta 2022, ƙungiyar masu adana faya-faye ta Amurka ta ƙiyasta cewa faya-faye kusan 400,000 ne suka fita daga kulle a tashi ɗaya. Ciki har da dariyar Johnson. Har da "Nobody" ta Bert Williams, ɗan asalin tsibiran Bahamas, wadda ya naɗa a 1906. Har da "Swing Low, Sweet Chariot" ta mawaƙan Jami'ar Fisk a 1909. Har da "Crazy Blues" da Mamie Smith ta yi wa kamfanin Okeh a watan Agustan 1920, faifan da ya nuna wa kamfanoni cewa baƙaƙen fata ma masu saye ne, ya buɗe wa mata mawaƙan blues, wani salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, hanya. Ita ma Mamie, da ta rasu a 1946, kabarinta ya yi shekaru da dama babu alama. Tun daga 2024, kowace sabuwar shekara tana sakin na shekara guda: na 1923 a 2024, lokacin da faya-fayen farko na mawaƙiyar blues Bessie Smith suka fita daga kulle, na 1924 a 2025, na 1925 a 2026.

"Na kowa" yana nufin ba sai ka nemi izini ko ka biya ba. Malami zai iya sa shi a darasi, mai shirya fim ya sa a fim ɗinsa, matashi mai haɗa kiɗa a kwamfuta ya yanki wani sashe ya gina sabuwar waƙa a kai. Sai dai a kula da abu biyu. Shekarar fitowar faifan ake ƙirgawa, ba shekarar waƙar ba: wata tsohuwar waƙa da wani ya sake rerawa a 1950, wannan naɗin yana nan da mai shi. Sannan wannan doka ta Amurka ce, kowace ƙasa da nata wa'adi.

To faifan da wa'adinsa bai cika ba, kuma babu mai sayar da shi fa? Dokar ta bar wata ƙaramar ƙofa. Idan ba kasuwanci za ka yi da shi ba, sai ka yi bincike na tsakani da Allah ka tabbatar ba a sayar da shi a ko'ina, ka shigar da sanarwa a Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka, ka jira kwana 90. Idan mai haƙƙin bai ce uffan ba, ka ci gaba. Idan ya ce bai yarda ba, magana ta ƙare, ba sai ya faɗi dalili ba. Nan ne nake ganin an rage wa ƙofar faɗi fiye da kima. Wanda ya tsallake doka da gangan kuma, tarar na iya kaiwa dala 150,000 a kan faifai ɗaya. Kamfanoni ba sa wasa da wannan: a 2023 Universal da Sony da wasu suka kai ƙarar ma'ajiyar Internet Archive saboda shirinta na kwafe tsofaffin faya-fayen garmaho tana sa su a intanet.

Akwai waɗanda har yau suna layi. A 1930 wata mata mai suna Geeshie Wiley ta je garin Grafton a jihar Wisconsin, ta yi wa kamfanin Paramount waƙa, kamfanin da asalinsa reshe ne na wata masana'antar kujeru. Waƙoƙi shida suka yi ita da abokiyarta Elvie Thomas. Kamfanin ya daina naɗa a 1932, yawancin faya-fayensa na asali sun salwanta, kwafin waƙoƙin matan biyu da suka rage a duniya ana iya ƙirga su. Ko hotonta ɗaya ba a samu ba. Waƙarta "Last Kind Words Blues" za ta zama ta kowa ranar 1 ga Janairun 2031.