Mayar da gidajen haya dogayen benaye a Accra

Mayar da gidajen haya dogayen benaye shi ne rushe tsofaffin gidaje masu hawa ɗaya domin a gina bene mai hawa da yawa a filin. A Accra, wadda Hausawan zango ke kira Ankara, abin ya fi yawa a Cantonments da Ridge da Labone da unguwar Airport, inda ƙasa ta fi tsada. Hukumar ƙididdiga ta Gana ta kiyasta giɓin gidaje a ƙasar da kusan miliyan 1.8 bayan ƙidayar 2021.

Tarihi

Girgizar ƙasa ta watan Yunin 1939 ta rushe gidaje da dama a Accra, abin da ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta gina rukunin gidaje a Korle Gonno da Mamprobi da wasu wuraren. Bayan samun 'yanci a 1957 gwamnati ta ci gaba da ginin ta hannun kamfanin gidaje na ƙasa, daga baya kuma asusun fansho na SSNIT ya gina benayen haya a Adenta da Dansoman da Sakumono.

Zanguna kuwa tasu hanyar daban ce. An kafa Sabon Zango wajen 1910 a ƙarƙashin Malam Bako, Nima kuma ana danganta ta da Malam Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, a farkon shekarun 1930. Gidan zango yakan kasance ɗakuna ne jere kewaye da tsakar gida, kowane iyali da ɗakinsa, murhu a bakin ƙofa, famfo da bayan gida na kowa da kowa. In ɗa ya yi aure sai a ƙara ɗaki, har lungu ya matse, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Yawancin gidajen nan na gado ne, masu haƙƙi a cikinsu suna da yawa, shi ya sa sayar da gida guda kan ɗauki shekaru ana sulhu.

Kuɗin haya

Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar adibas fiye da na wata 6, amma masu gidaje kan nemi na shekara ɗaya ko biyu. A 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ranta wa 'yan haya wannan kuɗi.

Sababbin benaye

Daga cikin waɗanda aka fi sani akwai Alto na rukunin Villaggio, mai hawa 27. Galibi da dala ake yanka farashin irin waɗannan gidaje, masu sayensu kuma 'yan Gana ne mazauna ƙetare da kamfanoni da baƙi. Mai neman ciki da falo a Maamobi, unguwar zango maƙwabciyar Nima, ba ya cikin wannan lissafi. A Cantonments da Ridge, filaye da yawa da aka sake ginawa a da gidajen ma'aikatan gwamnati ne masu faɗin harabar gaske.

Taƙaddama

A 2019 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta bayyana niyyar sake gina Nima da Maamobi da benaye. Mazauna da dama sun nuna tsoron za a tashe su ba su dawo ba, gwamnati ta ce ba haka ba ne. Aikin gidajen gwamnati na Saglemi, a wajen Accra, wanda aka ciyo bashin dala miliyan 200 dominsa, ya daɗe ba kowa a ciki, maganarsa har ta kai kotu.