Waiwaye: Yadda waya ta shiga hannun direba, doka na biye a baya

Tun kafin a san wayar salula ake kokawa da abin da ke ɗauke hankalin direba. A 1930, shekarar da kamfanin Galvin na Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, an samu jami'ai a jihar Massachusetts da suka nemi a hana sa rediyo a mota, wai murɗa tasha da sauraren kiɗa za su jefa mutane rami. An yi ta ce-ce-ku-ce, rediyo dai ya zauna daram.

Waya ce ta sauya lissafin. An yi kiran farko da wayar hannu a New York a 1973, ta shiga kasuwa a 1983, saƙon tes na farko kuma aka aika shi a Birtaniya a Disamban 1992. Hujja mai ƙarfi ta fito a 1997 daga Toronto ta Kanada, inda masu bincike biyu, Redelmeier da Tibshirani, suka ɗauki direbobi 699 da suka yi hatsari, suka gwada lokacin hatsarin da takardun kiran wayoyinsu. Sun gano cewa yiwuwar yin karo na ninkawa sau huɗu yayin da direba ke kan waya. Abin da aka fi mantawa a binciken shi ne, waɗanda ke magana ba tare da riƙe wayar ba, su ma ba su tsira ba.

Masu yin doka rabin maganar suka ɗauka. Jihar New York ta hana riƙe waya ana tuƙi a 2001, Birtaniya ta bi sahu a Disamban 2003, dukansu suka ƙyale magana ta lasifika ko abin kunne. Dalilin a fili yake: jami'i na iya ganin hannu, ba ya iya ganin inda hankali ya tafi. Alhali shagala iri uku ce, ta ido, ta hannu da ta tunani. Direban da ke ciniki a waya yana iya zuba wa titi ido amma bai ga fitilar birkin motar gabansa ba. A 2006 wani gwaji a Jami'ar Utah ya nuna tuƙin mai waya na lalacewa kusan kamar na wanda ya sha giya har iyakar da dokar Amurka ta gindaya.

Rubuta saƙo ya haɗa dukkan ukun. A 2009 cibiyar binciken sufuri ta Virginia Tech, wadda ta kafa kyamarori a cikin manyan motoci, ta bayyana cewa direban da ke rubuta saƙo ya ninka haɗarinsa sau 23, idonsa kuma na barin titi kusan daƙiƙa biyar. A yi lissafi. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, wato kusan mita 140 a daƙiƙa biyar, fiye da tsawon filin ƙwallo, kamar ido a rufe. A hanyar Kano zuwa Zariya, wannan tazarar ta isa a tarar da tirela da ta lalace, an jera ganye a bayanta maimakon alamar gargaɗi. Direba ya ɗago kai, ya ga abu, ya fizgi sitiyari ko ya taka birki da ƙarfi, tayoyi su ƙulle, mota ta ƙwace.

Ko a Birtaniya doka ta yi ta faci. Tsohuwar dokar, kira da saƙo kawai ta sani, har wata babbar kotu a 2019 ta wanke wani da aka kama yana ɗaukar bidiyo da waya yana tuƙi. Sai a Maris 2022 aka toshe ɓarakar. Tarar can fam 200 ce da makin laifi shida a lasisin tuƙi.

A Najeriya layukan GSM sun fara aiki a Agustan 2001, shekara goma sha uku bayan kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988. Jadawalin laifuffukan da ke ƙarƙashin dokar hukumar ta 2007 ya sa tarar naira 4,000 kan amfani da waya ana tuƙi, kuɗin da yau ko kwatan tanki ba zai cika ba. Ga direban haya kuwa waya kayan aiki ce. Ta nan mai saƙo ke tambayar an kai ina, ta nan ɗan kamasho ke cewa akwai lodi. Ɗan acaɓa ya cusa ta tsakanin kunne da hula, mai Adaidaita Sahu na sauraren saƙon murya na WhatsApp da hannu ɗaya a kan kambu. Fasinja ba kasafai ke tankawa ba, gudun kada a ce ya fiye tsoro.

Ƙididdiga ce ta fi wuya. Amurka ta lissafa mutum 3,308 da suka mutu a 2022 a haɗurran da shagala ta jawo, masana can ma suna cewa adadin ya gaza gaskiya. Wanda ya rasu ba zai ba da labari ba, wanda ya tsira ba zai ce yana kan waya ba. Jami'in da ya iso wurin yana ganin sawun taya da yadda mota ta ragargaje, sai ya rubuta gudun wuce sa'a ko ƙwacewar mota. Wayar kuma tana can ƙarƙashin kujera, ko wani ya riga ya ɗauke ta don kiran dangi.