Shekarar girbi da tsufan jar giyar inabi

Shekarar da ake gani a jikin kwalbar giyar inabi shekarar da aka tsinke inabin ce a gona, ko da an yi shekara biyu ko uku kafin a ɗura ta a kwalba. A Tarayyar Turai doka ta ce sai aƙalla kashi 85 cikin ɗari na inabin ya fito daga wannan shekara kafin a rubuta ta. Gona ɗaya, masu aiki ɗaya, amma giyar bana ba ta zama daidai da ta bara, domin rana da ruwa da sanyi ba sa maimaita kansu.

Mafi yawan jar giyar da ake yi a duniya ana shanye ta cikin 'yan shekaru. Beaujolais Nouveau, wata jar giyar Faransa, ma tana fitowa kasuwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, makonni kaɗan bayan girbi. Wadda ke jure shekara ashirin ko arba'in ƙalilan ce, kuma abin da ke riƙe ta shi ne tanin da tsami da ƙarfin ɗanɗanon inabin. Tanin sinadari ne da ke cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa, shi ke kawo bauri a baki, wani kuma yana shiga daga itacen gangar da aka ajiye giyar. A Bordo, yankin noman inabi a Faransa, gangar tana ɗaukar lita 225. Da shekaru suka tura, tanin yana haɗuwa da sinadaran launi, wani ɓangare ya kwanta a gindin kwalba, baurin ya yi laushi, launin ya sauya daga ja mai duhu zuwa jan bulo. Ƙamshin 'ya'yan itace yakan ja baya, na fata da taba da busasshen ganye ya fito. Idan tanin ya fi ƙarfin inabin, ɗanɗanon zai ƙare ya bar bauri tsagwaronsa.

Wasu yankunan sun mayar da jiran doka. Barolo ta Italiya, wadda ake yi da inabin Nebbiolo, sai ta cika wata 38, 18 daga ciki a ganga. Gran Reserva ta Riyoha a Sifaniya shekara biyar take yi kafin a sayar.

A Bordo, inda iskar Tekun Atlantika ke sa yanayi ya riƙa juyawa, bambancin shekaru ya fi fitowa fili. Ana yawan ambaton 1945, 1961, 1982, 2005, 2009 da 2010 a cikin manyan shekaru. Sanyin Fabrairun 1956 ya kashe kurangar inabi masu yawa, 2013 kuwa ruwa ya ɓata ta. Shekarar 2003 ta zo da matsanancin zafi a Turai, inabi ya nuna sosai amma tsami ya ragu. Ita 1982 ta raba kan masana tun tana ganga: Robert Parker, Ba'amurke mai sharhi kan giya, ya yaba ta ƙwarai alhali wasu na ganin ta yi laushi da yawa ba za ta daɗe ba. Lokaci ya ba shi gaskiya, sunansa ya fita tun daga nan.

Masu kwatanta giya suna bi ta hanya biyu: ko su jera giyar gona ɗaya ta shekaru daban-daban, ko su jera ta gonaki da yawa daga shekara ɗaya. Ta farko ita ke nuna yadda giya ke tsufa. A gasar ɗanɗana giya da Steven Spurrier, ɗan kasuwar giya ɗan Ingila, ya shirya a Faris a 1976, alƙalan Faransa da ba su ga sunayen kwalaben ba suka ba Stag's Leap Wine Cellars ta 1973, daga Kalifoniya, matsayi na ɗaya, ta wuce fitattun giyoyin Bordo, Mouton Rothschild da Haut-Brion. Aka ce ai giyar Amurka ba za ta tsufa da kyau ba. Da aka maimaita gasar a 2006, Ridge Monte Bello ta 1971, ita ma ta Kalifoniya, ta zo ta ɗaya.

Ajiya ma tana da nata hannu. Ana son wuri mai duhu, zafin digiri 12 zuwa 14 wanda ba ya hawa da sauka, kwalba a kwance don kada matoshinta ya bushe iska ta shiga. Babbar kwalba mai lita ɗaya da rabi tana tsufa a hankali fiye da ta yau da kullum. Kwalabe biyu daga akwati ɗaya ma, bayan shekara talatin, sukan bambanta saboda matoshi kawai.