Ɗora Babbar Manhaja Ta Netwok

Ɗora babbar manhaja ta netwok hanya ce ta saka wa kwamfuta Windows ko Linux ba tare da an bi ta da filashi ko faifai ba. Kwamfutar ce ke tashi fayau, ta nemo manhajar daga saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta wayar netwok. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne PXE na kamfanin Intel, wanda sigarsa ta 2.1 ta fito a 1999.

Amfaninsa ya fi bayyana inda kwamfutoci ke da yawa. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan a 2015, cibiyoyin jarrabawa a Birnin Kebbi da Gusau suka cika da na'urori jere-jere. Mai gyara da filashi ɗaya sai ya kwana yana zagaye bai kai rabi ba.

Kwamfutar da ta tashi ba ta da adireshi, don haka shela take yi ga duk wanda ke kan layin. Sabar DHCP, mai rabon adireshi, ita ce ke amsawa da adireshin IP, da na ƙofar fita (wato rauta, na'urar da ke haɗa wannan reshen netwok da sauran), da sunan sabar da za a tuntuɓa da na fayil ɗin farawa, a guraben saƙon da ake kira zaɓi na 66 da 67. Daga nan TFTP, wani sauƙaƙan tsarin aika fayil, ke kawo fayil ɗin ta tashar netwok mai lamba 69. Tafiyar hawainiya yake yi, shi ya sa ɗan ƙaramin fayil kawai ake ɗora masa, sauran kayan su biyo ta HTTP, tsarin da ke kawo shafukan intanet, ko makamancinsa.

A ƙofar fita aka fi yin tuntuɓe. Shelar ba ta tsallake rauta. Idan sabar tana ofis, ɗakin jarrabawa kuma yana wani reshen netwok, dole a saita rautar ta riƙa miƙa saƙon. A na'urorin Cisco umarnin shi ne ip helper-address. In ba a yi ba, allo zai tsaya baƙi da PXE-E51, wato babu wanda ya amsa. In kuwa adireshin ya samu amma na ƙofar kuskure ne, galibi PXE-E32 ake gani, fayil ya ƙi isowa.

Sai batun kwamfutocin gwanjo, waɗanda su ne suka cika ɗakunanmu: wata da tsohon tsarin tashi na BIOS, wata da sabon na UEFI, kowace da fayil ɗinta na farawa. Zaɓi na 93 ne ke gaya wa sabar wace iri ce ke magana. Ƙaramar rautar intanet da wani ya jona a gefe ma takan shiga rabon adireshi ta dagula aikin, sai an kashe DHCP ɗinta. Sabar da swic (akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa) kuwa a kan inbata ake ɗora su kafin a fara, domin in aka ɗauke wuta a tsakiya, ɗakin gaba ɗaya ne ke komawa farko.