Sunayen kaye a judo: ga amsa, a daina tare ni a bakin tabarma

Duk sabon ɗalibi, tun bai iya ɗaura ɗamara ba, sai ya zo min da tambayoyin nan. Bakina ya gaji, ga su a rubuce.

Dole ne sai da Japananci?

Dole. A ko'ina a duniya alƙalin wasa hajime zai ce in za a fara, mate in yana so a dakata. Wanda bai san mate ba shi ne za ka ga yana ta jan rigar abokin karawarsa bayan kowa ya tsaya.

Ke nan sai na koyi harshen?

A'a. Kalmomi wajen ashirin ne suke ta juyawa. O babba, ko ƙarami, soto waje, uchi ciki, ashi ƙafa, koshi ƙugu, gari girbi. Haɗa o-soto-gari ka gani: babban girbi ta waje. Ƙafarka ce lauje, tasa ce shinkafar. Wanda ya gane wannan ba sai an fassara masa ko-uchi-gari ba.

Wai ɗan Kano ne ya ƙirƙiro judo?

Sunansa ne Jigoro Kano. Bajapane ne, ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882. Wannan raha ta tsufa, haka ma dariyar da kuke yi wa uchi-mata. Mata a can cinya ta ciki ake nufi.

Guda nawa zan haddace?

Kodokan ta lissafa 100, na kaye 68, sauran 32 na dannewa da shaƙa da kama gaɓa. Wa ya aike ka? Akwai tsarin Gokyo da aka sake gyarawa a 1920, kaye 40 a rukuni biyar, takwas-takwas. Ka riƙe takwas ɗin farko, a ciki akwai o-goshi da seoi-nage da o-soto-gari. Sun ishe ka watanni.

Malamina yana kiran kaye da wani suna, a bidiyo na ji wani daban. Wa zan bi?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Wani lokacin ba kowa ya yi kuskure ba, harshen ne haka. Kalma in ta zo a bayan wata, harafinta na farko yakan sauya: koshi ya koma goshi a o-goshi, amma ya zauna yadda yake a koshi-guruma. Shi ya sa wani zai ce de-ashi-barai, wani de-ashi-harai, kuma shara ɗaya ce ake yi wa ƙafar da ta tako gaba. Wani lokacin kuma sunan da ya bazu ba ya cikin jerin Kodokan. Kowa yana cewa morote-seoi-nage, amma su seoi-nage kawai suka rubuta, ko ippon-seoi-nage ma sai a 1997 suka ware shi da sunansa. Ga kuma Faransa, inda Mikinosuke Kawaishi ya koyar da lamba a maimakon suna, kaye na ƙafa na ɗaya, na biyu, haka. Don haka littafin da ka samu ma ya danganta da inda aka rubuta shi.

Inda nake so ka yi hattara shi ne inda sunayen suka yi kama amma aikin ya bambanta. Ko-soto-gari yanke ƙafar ake yi, ko-soto-gake saƙale ta ake yi a tura mutum. A cikin zafin karawa har tsofaffin hannu sukan yi gardama a kan wanne aka yi. Shawarata, galibi dai, ka bi malaminka a tabarmarsa, domin shi zai tsaya a kanka ranar jarrabawar ɗamara. In abin ya dame ka, ka same shi bayan darasi ka tambaya a hankali. Kada ka ɗago masa waya a gaban ɗalibai kana cewa ga abin da bidiyo ya ce. An taɓa yi min, ban ji daɗi ba, duk da yaron ne ke da gaskiya.

Furucin yana ba ni wuya.

Kai da ka tashi da Hausa? Wasulansu biyar ne irin namu. Uchi ka karanta shi uci. O ɗin farkon o-goshi ka ja shi, ippon ka danna p ɗin kamar yadda kake danna b a babba. Tsu ne kawai za ka sassauta, ba irin namu na tsuntsu ba ne mai ƙarfi.

In na manta suna a tsakiyar karawa fa?

Ba wanda zai tambaye ka suna a lokacin. Ka kayar da shi, alƙali ya ce ippon, wato ka ci karawar.

Wace kalma zan fara da ita?

Ukemi, wato iya faɗuwa. Haɓa a ƙirji, hannu ya bugi tabarma. Gobe ma da ita za mu fara, kuma kada wanda ya zo min da farce ba a yanke ba.