Yadda jijiyoyi ke sarrafa tsoka a aikin da babu motsi

Aikin da babu motsi shi ne wanda tsoka take ɗaurewa ta ba da ƙarfi amma gaɓa ba ta gusa ba, kamar riƙe bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu ko tsayuwa da tulu a ka. Masana na ce masa isometirik. A ido jiki ya tsaya cik, amma saƙo ba ya yankewa tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da tsoka.

Umarni na fitowa daga sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi, ya gangara ta laka zuwa ƙwayoyin jijiyar da ke tayar da tsoka. Kowace ƙwaya da nata zaruruwan tsoka. Ita da su ake kira rukunin motsi, sunan da Charles Sherrington da Edward Liddell suka raɗa a 1925. Idan ana son ƙarin ƙarfi, sai a tayar da ƙarin rukunai, ko a yawaita saƙon da ke isa gare su a kowace daƙiƙa. Ba a kuwa tayar da su barkatai. Elwood Henneman na Jami'ar Harvard ya nuna a 1957 cewa ƙananan ƙwayoyi ke fara shiga. Su ne kuma masu zaruruwan da ke jure gajiya. Manyan, masu ƙarfi da saurin gajiya, sai abu ya yi tsanani.

Tsoka ma tana mayar da rahoto. A cikinta akwai 'yan gaɓoɓin da ke auna miƙewarta, a jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi kuma akwai gaɓoɓin Golgi masu auna ƙarfin ja. Da hannu ya ɗan sauka, laka ta gyara tun kafin mutum ya ankara. Duk da haka ƙarfin ba ya zama daidai wa daida: akwai 'yar karkarwa, kusan sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wadda takan fito fili idan hannu ya sage.

Gajiya na zuwa da wuri domin ɗaurarriyar tsoka tana matse hanyoyin jininta, sai jijiyoyi su yi ta tayar da sababbin rukunai don cike giɓi. Bajamushe Walter Rohmert ya ruwaito a 1960 cewa idan aiki ya haura kusan kashi 15 cikin ɗari na iyakar ƙarfin mutum, lokacin juriya yana raguwa sosai. A rabin ƙarfi bai fi kamar minti ɗaya ba. Bugun zuciya da matsin jini ma suna hawa, musamman idan an riƙe numfashi.