Haɗa Allurai da Maganin Ciwon Daji: Amsoshi ga Sababbin Shiga Famasi

Ƙannena masu zuwa horo a asibitocin Kaduna, tambayoyinku kullum iri ɗaya ne. Ga amsoshin, ku riƙe.

Mene ne ISO 5?

Matakin tsabtar iskar cikin akwatin da ake zuƙar allura. Ɗakin da akwatin yake ISO 7 ne. Ƙaramar lamba ta fi tsabta.

Zan iya haɗa maganin daji a akwatin da ke huro iska ta gaba?

A'a. Shi wannan akwatin, magani kawai yake karewa, kai kuma ya huro maka maganin daji irin su cyclophosphamide a fuska. Sai akwatin BSC (wanda ke kare magani da mai haɗa shi) aji na 2 mai fitar da iskarsa waje, a ɗakin da iska ke shigowa amma ba ta komawa baranda.

Safar hannu ɗaya ta isa?

Biyu, irin na maganin daji. A canza duk minti 30, ko nan take in ta yage.

Sifirit na kashe gubar maganin daji in ana goge akwatin?

Ƙwayoyin cuta yake kashewa, gubar kuwa yaɗa ta yake yi. Ruwan bilic da farko, sai thiosulfate don kada ƙarfen ya ci, sai wanki, sannan sifirit mai kashi 70.

An ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, yaya zan yi?

A nan sai a yi hattara, don amsar ba ɗaya ba ce. Da fanka ta tsaya, akwatin ya tashi daga ISO 5. Ka dakata, ka rufe bakin sirinji, ka ja gilashi ƙasa. Abin da ke buɗe a lokacin, ni dai ina ganin a zubar, musamman a hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Jakar da aka riga aka rufe aka manna mata takarda, galibi babu laifi. In janareta ya tashi, a bar akwatin ya yi aiki, yawanci minti 30, sai dai in littafin kamfanin ya faɗi wani abu daban, a goge, a sake safa. Sannan a duba firiji: in ya wuce digiri 8, wani maganin yana jurewa, wani ba ya yi, sai an karanta takardar kowanne. Na san kwalbar da tsada, majinyaci ma wataƙila bashi ya ci, amma ƙwayar cuta a jinin wanda garkuwarsa ta faɗi ta fi wannan asarar. Kada ka ji kunyar kiran babban famasist.

BUD ita ce ranar lalacewa?

Haba! Ranar lalacewa ta kamfani ce, ga kwalbar da ba a huda ba. BUD, wato ranar daina amfani da maganin da aka haɗa ko aka huda, kai ke sa ta bayan ka haɗa. Kwalbar da ake ɗiba sau da yawa, kwana 28 daga hudawa, in kamfanin bai ce akasin haka ba. Ku rubuta ranar a jikinta, don Allah.

Maganin daji na vincristine a sirinji fa?

Kada in gani. A ƙaramar jakar ruwa ake ba da shi, ta jijiya kaɗai. In aka yi kuskure ya shiga ruwan ƙashin baya, kisa yake yi.